Abokin tafiyata ya yi shiru shekara biyu, yanzu yana kirana mu koma hanya

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da damuwar da na daina faɗa wa mutanen gida, domin duk wanda na soma ba labarin sai ya yi dariya, ya ce wai wahalar da na saya da kuɗina nake kewa.

Na yi digirina na biyu a Turkiyya. Da na gama, cikin watan Oktoba na 2021, na goya jaka na kama wata doguwar hanyar ƙafa da ke bin gaɓar Bahar Rum, ana ce mata Hanyar Likiya, daga wajen Fetiye zuwa kusa da Antaliya. Ni kaɗai na fara. Ban yi nisa ba na haɗu da mutum biyu, wani malamin makaranta ɗan garin Antakiya na kudancin Turkiyya, wanda ya ba ni kusan shekara ashirin, da wani saurayi Bajamushe. Tare muka ƙarasa, kusan wata guda.

Wata rana, bayan mun wuce hasumiyar jiragen ruwa ta Gelidoniya muna neman Adrasan, na taka dutse na yi targaɗe, ga ruwanmu ya kusa ƙarewa, ba gari kusa. Malamin nan ya kwashe kayan nauyi daga jakata ya cusa a tasa, ya ba ni sandarsa. Ɗan ruwan da ya rage a gorarsa ya miƙo mini, ya ce shi ba ya jin ƙishirwa, alhali ina ganin leɓensa ya tsage. Da dare ya gasa allura a wutar ashana ya huda mini bororon da ke tafin ƙafata, ya ɗaure mini idon sawu da mayafin wuyansa. Tun daga ranar nake ce masa Yaya da yarensu, shi kuma yana ce mini ƙanena.

Na dawo gida a 2022, na yi aure. Kusan kullum muna magana. Da aka yi girgizar ƙasa a Fabrairun 2023 ya rasa ƙanwarsa da 'ya'yanta da gidansa, na kira na yi masa ta'aziyya. Daga nan ya canza. In na tura saƙo sai ya yi makonni, in amsa ta zo layi ɗaya ce. Bajamushen kuwa ya ɓace gaba ɗaya. Sai na ce wa raina ashe abotar hanya ce kawai, ni ma na daina rubutawa.

Watan jiya sai ga saƙonsa: "Ƙanena, ina so in sake bin hanyar nan in sanyi ya wuce. Ka zo." Malam, kuɗin da ke hannuna na rufin ɗan gidan da nake ginawa ne, matata kuma tana da juna biyu. Ta ce ina maganar waɗannan mutanen fiye da yadda nake maganar danginmu. Gaskiya kuma, tun da na dawo hirar majalisarmu ba ta yi mini daɗi kamar da. Shin abotar nan ta gaskiya ce, ko zafin tafiya ne ya ruɗe ni? In tafi ko in haƙura?

Wani mai karatu daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan ƙanwar abokinka da 'ya'yanta, ya ba shi haƙurin rashi, kai kuma ya sauki iyalinka lafiya.

Tambaya biyu ka yi, amsarsu kuma ba ta da tsawo. Abotar ta gaskiya ce. Amma bana kada ka tafi. Sai dai akwai abu na uku da ba ka tambaya ba, wanda a wurina ya fi biyun nauyi, don haka da shi zan fara.

Sake karanta wasiƙarka. Targaɗen ƙafarka ka ba shi sakin layi guda cur, girgizar ƙasa kuwa jimla ɗaya ka ba ta ka wuce. Mu tsaya a kanta tukuna. Da asubahin Litinin, 6 ga Fabrairu 2023, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, mutane na barci cikin tsananin hunturu, ƙasa ta girgiza da ƙarfin maki 7.8. Bayan kamar awa tara wata ta biyo baya mai ƙarfin 7.5. A Turkiyya kaɗai sama da mutum dubu 50 suka rasu, ban da dubban da suka rasu a Siriya. Lardin Hatay, inda Antakiya take, shi ya fi kowane lardi asarar rayuka, tsohon garin kuma kusan gaba ɗaya ya kwanta. Mutane sun kwana suna jin muryar 'yan'uwansu a ƙarƙashin siminti, suna tono da hannu, har muryar ta ɗauke. Waɗanda suka tsira sun zauna a tantuna, daga baya a gidajen kwantena, wasu suka watsu zuwa Mersin da Ankara da Antaliya. Yayan nan naka malamin makaranta ne. Ka lissafa masa ƙanwa da 'ya'yanta da gida. Tambayi kanka ɗalibai nawa ya saba kiran sunansu kowace safiya waɗanda ba zai ƙara kira ba.

Mutumin da irin wannan ya faɗa wa, tambayar da ta fi yi masa nauyi ita ce "ya kake?" In ya ce lafiya, ya yi ƙarya ga wanda ba ya so ya yi wa ƙarya. In ya faɗi gaskiya, sai ya sake buɗe abin da da ƙyar ya rufe don ya samu ya kwana. Sai ya ajiye wayar ya ce gobe. Gobe ta zama mako, mako ya zama wata, kunyar jinkirin ta ƙara masa nauyin amsawa. Na ga haka a gidajen makoki da dama a nan gida, ko da mutum ɗaya aka rasa. Ana watsewa bayan sadakar bakwai, mai rashin ya rage shi kaɗai da shirunsa, 'yan'uwa kuma su soma cewa wane ya canza, ya daina zumunci. Wannan layi ɗaya da yake turo maka bayan makonni, ni ba raini nake gani a ciki ba. Mutum ne da ɗan ƙarfin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba, amma ya yanko maka naka a ciki.

Zan faɗa maka abin da ba zai yi maka daɗi ba, don na ga kai mai son gaskiya ne. A cikinku biyu, kai ka daina. Shi bai taɓa rufe ƙofa ba, jinkiri ya yi. Da numfashinsa ya soma dawowa har ya ji zai iya saɓa jaka, wa ya fara nema? Yana da abokan aiki, yana da sauran dangi, yana da mutanen ƙasarsa da ke bin hanyar nan kowace shekara. Ya tsallake su ya rubuta wa wani saurayi a Zariya. Tambayarka ta farko shi da kansa ya riga ya amsa maka ita.

An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, don ya yabi wani mai ba da shaida, ya ce ya san shi mutumin kirki ne. Umar ya tambaye shi ko shi maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ko sun taɓa hulɗar kuɗi, ya ce a'a. Ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Sai Umar ya ce masa to ba ka san shi ba. Tafiya na cikin abubuwa uku da ya ɗauka ma'aunin sanin mutum, domin a hanya ne yunwa da gajiya da tsoro ke tuɓe wa mutum rigar da yake sa wa jama'a. Wanda ya ce ba ya jin ƙishirwa alhali leɓensa ya tsage, don kai ka sha, a wurin da ba mai ganinsa balle ya yabe shi, ka san shi sanin da wataƙila ba ka yi wa wasu da kuka tashi unguwa ɗaya ba.

Saurin da abin ya yi ma kada ya sa ka zargi kanka da ruɗuwa. Wani malami a jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018 kan yawan lokacin da abota ke ci kafin ta ƙullu. Ya gano cewa ana buƙatar kamar awa 50 tare kafin sanayya ta zama 'yar abota, kamar awa 90 kafin ta zama abota sosai, sama da awa 200 kuma kafin a kai ga aminci. Yi lissafin da kanka. Abokin da kuke haɗuwa awa biyu duk mako, sai kun yi kusan shekara biyu kafin ku tara awa 200. Ku kuwa da kuke tashi tare, ku yi sallar asuba, ku wuni kuna hawa da gangara, ku ci daga leda ɗaya, ku kwana wuri ɗaya, cikin mako biyu kun wuce wannan adadin.

Ita kanta hanyar tana taimakawa. Tun da wata 'yar Birtaniya, Kate Clow, ta haɗa tsofaffin turbobin makiyaya da na alfadarai aka yi musu alamar ja da fari a jikin duwatsu, aka buɗe hanyar a 1999, masu binta sun san ba ta da sauƙi. Ta haura kilomita 500, yawancinta dutse ne mai kaifi, ka gangara bakin teku ka sake haurawa tsauni, ruwa kuma sai a famfon ƙauye ko a tsofaffin rijiyoyin tara ruwan sama, waɗanda wasu lokutan a bushe za ka tarar da su. A irin wannan wuri ba mai tambayar ɗan wane ne kai, ko motar me kake hawa. Abin tambaya shi ne ruwa nawa ya rage, wa ya ga alama ta gaba, ƙafarka za ta kai ƙauye kafin duhu. Wani abu kuma da na lura da shi game da mu maza: maganar da ba za mu iya faɗa ido cikin ido ba, muna iya faɗinta in muna tafe kafaɗa da kafaɗa, kowa na duban gabansa. Ina kyautata zaton ka gaya wa mutumin nan abubuwan da ko mahaifinka bai ji ba, shi ma haka.

Sai dai ka lura, abu uku Umar ya lissafa, tafiya ɗaya ce daga ciki. Hanya ta nuna maka halin mutum, amma ba ta koya muku yadda za ku zauna da juna bayan an sauke jaka ba. Abotar hanya kamar irin tumatir ce a kwamin reno: tana tsirowa da sauri, kore shar, amma in ba a cire ta an yi dashe a gona ba, nan za ta tsaya. Dashen kuwa aiki ne da sai an yi shi da gangan. Taku da Bajamushen ba a dasa ta ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Ya yi muku abokin tafiya na kirki, kun yi masa, hanya ta ƙare. Ka tura masa gaisuwa sau ɗaya a shekara ba tare da jiran amsa ba, ka bar shi da alheri a ranka. Yawancin waɗanda ake haɗuwa da su a dogayen hanyoyi haka ake rabuwa da su. In mutum ya fito da ɗaya tak da ya zauna masa, ya yi babban rabo.

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sun fi mu sanin yadda ake riƙe irin wannan. Ayari kan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni ana zango zango kafin a isa Salaga, babbar kasuwar Gwanja a Ghana ta yau. Amincin da aka ƙulla a wannan hanya, tsakanin abokan ayari ko tsakanin falke da mai masaukinsa, har 'ya'ya kan gada. A unguwar da na tashi akwai wani dattijo da mahaifinsa ya yi wannan fatauci, kuma yana da amini a zangon Kumasi, ɗan abokin tafiyar mahaifinsa. Duk sanda ya ji wani zai yi can, sai ya sa a kira shi. Ya zaunar da shi a zaure, ya kawo ƙullin daddawa da hula ɗaya a takarda, sannan ya shiga jero gaisuwa: ka ce ina gaida shi, ina gaida uwargida, ina gaida wance da aka aurar bara, ka tambaye shi ciwon gwiwar nan ya sake shi? Sai ya sa ɗan saƙon ya maimaita sunayen don kada ya manta ko ɗaya. Amsa kan yi wata shida, wani lokaci shekara. Ban taɓa jin ya ce amininsa ya canza ba. In shiru ya yi yawa, abin da yake cewa shi ne Allah ya sa lafiya, sannan ya nemi wani mai tafiya. Mu waya ta koya mana ƙirga kwanaki da duban ko an buɗe saƙo, har muna yanke wa mutane hukunci da abin da dattijon nan ba zai ma kira shiru ba.

Turawa masu wannan tafiya su ma da tsayar da rana suke riƙe juna. Masu bin hanyar tsaunukan Afalashiya a Amurka, wadda ta kai kusan kilomita 3,500 ta ratsa jihohi 14, suna taruwa duk watan Mayu a wani ƙaramin gari mai suna Damaskus a jihar Bajiniya, kowa ya nemi waɗanda suka yi tafiya tare a shekararsu. Ba kullum suke magana ba. Sun dai san akwai ranar da za a haɗu.

Yanzu maganar tafiya. Lokacin da yake kiranka, wato Maris zuwa Mayu, shi ne daidai lokacin da ya kamata kwano ya hau gininka. Ka fi ni sanin ruwan Zariya. Ginin da damina ta same shi a buɗe, abin da za ka kashe wajen gyara da ƙarin tsadar kwano da katako baɗi ya fi abin da kake tsammani. Ga kuɗin jirgi da dala ake auna shi, kuma tun tsakiyar 2023 dala ta fi ninki biyu a kan naira. Ga biza, ga guzuri. Duk wannan ma da sauƙi a kan na ƙarshe: mace mai ciki, mijinta a kan tsaunin da wani lokaci waya ba ta shiga. Haƙƙinta wajibi ne a kanka, ziyarar amini kuwa alheri ne da za a iya sa masa wata rana. Kuma mutumin da ya ɗauki kayanka a bayansa don ƙafarka ta huta, in ya ji ka kwashe kuɗin rufin ɗakin matarka ka zo masa, baƙin ciki za ka ƙara masa.

Abin da nake tsoro shi ne yadda za ka ƙi. Kada ka rubuta masa "in sha Allahu za mu gani", irin amsar da muke ba wanda muke so ya gaji ya bari. Mutumin da ya yi shekara biyu kafin ya iya cewa "ka zo", in ya ji sanyi a amsarka ba zai sake tambaya ba. Kira shi da murya. Fara da ba shi haƙuri kan shirun da ka yi, a taƙaice, kada ka mai da shi dogon bayanin da zai sa shi ya koma lallashinka. Gaya masa maganar cikin da ta rufin gidan dalla-dalla, har da kuɗin, yadda ƙane ke gaya wa wansa. Sannan ka ba shi rana. Hanyar Likiya lokaci biyu take da daɗin bi, bayan sanyi da kuma Oktoba, don zafin Yuli da Agusta ba ya tafiyuwa. Ka ce masa Oktoban baɗi, ko wanda ya biyo baya, duk wanda lissafinka ya nuna za ka iya da gaske. Ba sai kun yi wata guda ba. Mako ɗaya ya isa ku bi wani yanki, ko daga Fetiye zuwa Patara, ko wajen Cirali inda wutar nan ke fitowa daga cikin dutse. Ka buɗe asusu na daban tun wannan watan, ko adashi ka shiga, kuma matarka ta san da shi. In kuma ku biyun kuna da niyyar Umara, ku duba ko za ku daidaita lokaci ku haɗu a can.

Kafin ranar ta zo, ka tsayar da lokacin kira, mako mako ko bayan mako biyu, kai ne mai kira, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ka rage tambayarsa yadda yake ji. Ba shi labari: tsadar siminti, abin da likita ya ce wa maiɗakinka, abokin da ya ba ka dariya ko maƙwabcin da ya ɓata maka rai. Mai baƙin ciki yakan gaji da zama abin tausayi, yana so a sake neman shawararsa kamar da. Ka nemi tasa a kan zama uba. Ka kuma ƙarfafa masa gwiwa ya yi tafiyar bana ko ba kai, amma da wani, kada ya tafi shi kaɗai, ya riƙa turo maka hoto daga kowane zango. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in mutum yana son ɗan'uwansa ya sanar da shi. Faɗa masa da bakinka.

Ka kasa kunne kuma. In ka ji yana maganar cewa rayuwa ba ta da sauran amfani, ko ya daina barci, ko ya daina cin abinci, ko yana rabon kayansa, wannan ya wuce abin da hira za ta warkar. Nemi lambar wani nasa na kusa tun yanzu, kuma kada ka ji nauyin ce masa ya ga likita.

Maiɗakinka tana da gaskiya, ko da ba ta faɗe ta yadda za ka ji daɗi ba. Ba na jin kishin wani dattijo a Turkiyya take yi. Abin da take gani shi ne fuskarka na haske in kana maganar wani wata guda da ba ta cikinsa, ita kuma da ke tare da kai kullum, ɗauke da cikinka, ba ta ganin wannan hasken in ana maganarta. Ka taɓa ba ta labarin ruwan nan da allurar nan yadda ka ba ni? Ko dai sunayen garuruwa da kyan teku take ji? Zaunar da ita ka gaya mata abin da mutumin ya yi wa mijinta, da abin da ya same shi daga baya. Mace da ta ji an shayar da mijinta ruwan ƙarshe, aka kuma ce wanda ya yi haka ya binne ƙanwarsa da 'ya'yanta, da wuya ta ci gaba da ganinsa baƙo. In kun yi waya ka miƙa mata ta gaishe shi, kai ka fassara. Ta zaɓi abin da za a aika masa, hula ce ko turare. Ran suna ya kasance cikin waɗanda za a fara sanarwa. In ya zama Yayan gidan gaba ɗaya, ranar da za ka tafi ita za ta haɗa maka jaka. Ka kuma ji maganarta game da dangi: duba wa ka daɗe ba ka taka ka gaisar ba.

Majalisarku kuwa, kada ka zalunce su. Masu dogayen tafiye-tafiye da yawa kan faɗa cikin wani irin sanyin jiki bayan sun dawo. A hanya kowace rana tana da manufa ɗaya bayyananniya, jiki na aiki, barci na zuwa da kansa. A gida sai hayaniya da bashi da hirar siyasa da ƙwallo. Sai mutum ya ɗora laifin a kan abokansa, alhali motsin da iskar da shirun yake kewa. Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Waɗannan da hirarsu ta gundure ka, su ne suka yi maka zirga-zirgar aure, su ne za su tsaya a ƙofar asibiti ranar haihuwa, kuma cikinsu akwai wanda zai ba ka ruwansa na ƙarshe, ba a dai taɓa kai ku inda za a gwada ba. Zaɓi ɗaya ko biyu ka ja su tafiyar ƙafa ranar Asabar bayan asuba, ko zagayen bayan gari ko hawan Kufena, a inda aka tabbatar da tsaro, don yanayin dazukanmu yanzu bai ba da damar nisa ba. Za su yi maka dariya makon farko. Ka ci gaba da zuwa ƙofar gidansu, awa biyu kuna tafe za ka ji maganar da ba ta taɓa fitowa a kan benci ba.

Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu. In ka kira bayan la'asar ɗin Juma'ar nan, ka same shi ya taso daga aiki. Kafin nan ka gama magana da maiɗakinka, don ranar da za ka ba shi ta zama wadda ku biyu kuka amince da ita. Ka gaishe mini da ita, ka kuma isar masa da ta'aziyyata.